Mama Keziya da Jan Garin Manja

Kullum da safe, kafin 'yan acaɓa su cika titunan Kafanchan, Mama Keziya ta riga ta sa farar rigarta, ta wanke hannu. Aikinta a ɗakin gwaji ba shi da hayaniya. Wasu ƙananan ƙwayoyin cuta take kiwo a farantin gilashi, irin waɗanda ba sa iya yaɗuwa. Sai ta ɗiga musu sinadarin da aka kawo, ta rufe, ta jira. In farantin ya fito da ɗigo-ɗigo da yawa, alamar sun fara yaɗuwa, to sinadarin ya sauya musu ƙwayar halitta ke nan. Abin da ya yi musu kuwa, ana tsoron ya yi wa mutum, har da ɗan da ke ciki.

Bara aka kawo mata wani jan gari da wasu masu manja a Godogodo ke zubawa don man ya ƙara ja. Faranti ya cika fal. Da ta so, da ta miƙa wa oga sakamako ta tafi gida abinta. A'a, ta hau mota zuwa Godogodo ranar taron zumuntar matan coci, da hoton farantin a wayarta. Ta nuna musu, ta yi musu bayanin illar garin.

Lucia, mai sayar da manja, tana da tsohon ciki a lokacin, kuma da man nan take miya a gidanta. Ta ce, "Mama, in ban sa ba wa zai saya? Kostoma ja yake so, ba labari ba."

Mama ta ce, "'Yata, na cikinki fa? Shi ma kostoma ne, kuma ba ya iya cewa a'a."

Mata suka kwashe da dariya. Lucia ba ta yi ba.

Ranar kasuwa Lucia ta fito da man da babu gari. Mama ta zo ta zauna kusa da ita a benci, tana kiran masu wucewa: "Ku zo ku ɗanɗana, wannan bai yi kwalliya ba!" Kafin la'asar jarka ta ƙare. Yanzu a kasuwar, in kana son mai tsabta, sai ka ce a ba ka manjan Mama.

Mama, ke ce mai haƙurin duba abin da idonmu ba ya gani. Ga shi watan nan za ki ajiye aiki. Mun gode, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Masu ilimi, ku yi koyi da ita, ku riƙa kawo mana abin da kuka gani har inda muke.

Lucia ta sauka lafiya, mace. In kin je Godogodo, Mama, takwararki ta fara rarrafe.