Jarumin da Sihiri Ba Ya Kamawa

A shekarun da na zauna gidan yayata a Jiddari Polo ina karatu, kowace Asabar bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro mu yi wani wasa. Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta, shi ya zo mana da shi. Malam ne yake ba da labari, mu kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya shiga labarin da shi. In rigima ta taso sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, abin da ta nuna shi ne hukunci. Ni boka na zaɓa, mai warkar da abokan tafiya da sihiri. Mijin yayata kuwa, Alhaji, ya ce shi sai mai takobi.

Ranar farko wata mayya a cikin labarin ta jefe jaruminsa, ya yar da takobi ya kama rawa a tsakiyar kasuwa. Muka yi ta dariya, har yayata ta leƙo daga kicin. Mutumin nan bai yafe ba.

Dokar kare kai daga sihiri mai sauƙi ce. Ka jefa ƙwaya, ka ƙara da ƙarfin zuciyar jaruminka, in ka haura lambar da Malam ya faɗa, ka tsira. Akwai zobe mai ƙara kariya, akwai sulke. Duk Alhaji ya bi ya tattara, har da zoben da ya kamata a ba ni. Bai ishe shi ba, sai da ya tono wata doka: jarumi yana iya rantsuwa ya rufe jikinsa, kada sihiri kowane iri ya shiga.

Malam ya ce, "Alhaji, ka duba da kyau. Kowane iri aka ce fa."

"Na ji, Malam. Ai shi nake so."

Daga nan muka shiga uku. Wasa ya koma wajen bugun ƙirji. Ko an yi jifa ko ba a yi ba, sai ya gyara hula ya ce, "Ni ba ya kama ni." Har a shagonsa na Bolori na ji yana ba maƙwabta labari, su kuma suna gyaɗa kai don sun ɗauka wani taimako ya samo daga ƙauye. Wannan fa mutum ne da in ya ga tsaka a bango yake ƙwala wa matarsa kira.

Wata Asabar labari ya kai mu wani kango. Jaruminsa ya ture kowa ya shige gaba, ya cusa hannu a tulu. Kunama ta harbe shi. Ba ta tsafi ba, kunama dai irin ta bayan gida. Dafi ya fara hawa.

Ya juyo gare ni. "Kai, warkar da ni mana."

Na ce, "Yaya, da me? Sihiri ne kaɗai gare ni."

"To ai na alheri ne!"

Malam ya kurɓi shayinsa ya ce doka ba ta raba ba. Nan fa gardama ta tashi. Alhaji ya ce ya janye rantsuwar. Ya ce lokacin da ya yi ta ai bai fahimta ba. Ya koma Kanuri, wai ko zai fi ratsa Malam. Babban mutum da furfura a gemu, yana roƙo saboda kunamar da babu ita.

Da Malam ya gaji sai ya yi masa sassauci. Ya ce ya jefa ƙwaya, in ta faɗi ƙasa-ƙasa kariyar ta gaza, magani ya shiga. Ya karɓa, ya hura mata iska, ya jefa. Ashirin cif. Tunda muka fara wasan bai taɓa samun ta ba sai ranar.

Jarumi ya mutu a gindin tulu, da zobensa da sulkensa. Alhaji ya miƙe ya ce ƙwayar karkatacciya ce, ya shige ɗaki ko takalmi bai ɗauka ba. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da kyau, wai na ƙi taimakonsa.

Da ya huce ya dawo tabarma da sabon jarumi, matsafi. Jifansa na farko na sihiri ya sami wani dodo, Malam ya jefa wa dodon ƙwaya, dodo ya tsira. Alhaji ya daki cinya ya ce wannan doka zalunci ce, wa ma ya ƙirƙiro ta?