Yatsan Mala Mai Rediyo

Mala mai rediyo jikan fatake ne da suka zo Gaya daga Borno tun ana fatauci da jakuna, amma shi ko kanwa bai taɓa sayarwa ba. Tun yana saurayi ya kafa tebur a bakin kasuwa yana gyaran rediyo. Da rediyo ta ja baya ya koma wayar hannu, da sola ta shigo ya bi ta.

Abin da ya fito da sunansa wani ɗan allon lantarki ne mai faɗin tafin hannu, wanda ya shekara biyu yana haɗawa. In aka maƙala shi a famfon sola, da ruwan rijiya ya yi ƙasa sai ya kashe injin kafin ya ƙone. Masu noman rani daga Kademi har Balan suka yi masa caa. Mala ya ɗinka babbar riga, ya fara amsa sunan Injiniya.

Wata ranar kasuwar Ajingi sai ya tarar da allonsa birjik a teburin wani mai gyara, Ɗantani. Ko waya ɗaya ba a sauya ba. Har wani ɗigon dalma da ya zubo masa bisa kuskure an kwaikwaya.

"Malam Ɗantani, wannan ai aikina ne."

"Haba Injiniya, ilimi ai na Allah ne. Ni ma zuwa ya yi mini."

"Har da ɗigon?"

"Har da shi."

Mala ya dawo gida bai iya cin tuwo ba. Washegari ya shiga Kano ya sayo ƴan gilasan dangwale irin na bayan waya, ya sake tsara ƙwaƙwalwar allon yadda ba za ta farka ba sai ta ga zanen babban yatsansa. Ɗantani ya kwaikwayi sabon, ko motsi bai yi ba. Mala ya yi sati yana murmushi shi kaɗai.

Abin da bai lissafa ba shi ne, duk sanda manomi ya cire waya don ya matsar da famfo wata rijiya, sai allon ya sake kullewa. Famfo arba'in, yatsa ɗaya. Mala ya rufe tebur, ya koma yawon fadamu a kan babur. Ya daina yanka rake, ya koma cin tuwo da cokali.

"Malam," in ji matarsa Kellu, "da kai ke da yatsan nan, yanzu shi ke da kai."

Ana tsakiyar zafin bazara ƙarfen narka dalma ya ƙone shi a daidai babban yatsan. Ranar kuwa Malam Inuwa na Balan ya kira, allon famfonsa ya kulle, tumatirinsa ya fara langaɓewa. Mala ya je, ya dangwala, allon ya nuna jar wuta, ya ƙi buɗewa. Ya shafa yawu, jar wuta. Ya goge a riga ya yi bismilla, jar wuta.

Malam Inuwa ya dube shi a tsanake. "Injiniya, ko dai kai ma jabu ne?"

Mala ya yini a bakin rijiyar yana neman fasa makullin da ya ƙera da hannunsa, ya kasa. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ɗan burge shi. Da la'asar Malam Inuwa ya dawo daga Ajingi da tsohon samfurin Ɗantani a leda. Mala da kansa ya ɗaura, kansa a ƙasa. Ruwa ya tsargo.

Yatsan ya warke da tabo, allunan ba su ƙara gane shi ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sauya musu ƙwaƙwalwa. Kellu ta ce ya sa yatsun manoman mana, ya huta. Ya gwada, ashe ƙotar fartanya ta shafe zanen tas. Sai ya zaɓi gaɓar da ba ta kusantar wuta: babban yatsan ƙafarsa.

Har yau in ka ga dattijo a fadamar Kademi ya tuɓe takalmi, ya dafa kafaɗar manomi, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, kada ka yi masa magana. Injiniya ne, yana bakin aiki.