Makokin da Babu Kabari

A zamanin ƙuruciyarmu mutum ba ya ɓacewa a ƙasar nan. Rairayi ne ko'ina, duk wanda ya fita gari ya bar sawu, ko akuya ce ta yi ɓatan kai, kafin azahar Bafillatani ya nuna maka inda ta bi. Yanzu mutum ya hau moto, wato babur, a bakin kasuwar Gangara, kafin ka gama alwala ya tsallake iyaka, sawun taya kuwa duk ɗaya ne. Na zauna Kumasi da Abijan, na yi shekaru a Sudan, amma ɓatan da ya fi ci mini rai a ƙauyenmu aka yi shi, a gaban idon kowa.

Ɗiyar ƙanwata ce. Tana lakol, makarantar boko, ba ta kai sha bakwai ba, sai ciki ya bayyana. Mai cikin wani magidanci ne ɗan kasuwa, mai sayen wake. Uban yarinyar ya rasu, ni kuma ina Maraɗi ina jinyar ido. Sai ƙanwata ta yi abin da iyayenmu suka saba: a kai yarinya wajen dangi na nesa har ta sauka. Muna da yaya a wani ƙauye ƙetaren iyaka, ta wajen Katsina. Mutumin ya ce shi zai kai ta. Ranar kasuwa da hantsi ta hau bayan motonsa da ƙullin kayanta.

Ba ta isa ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Wannan ne har yau yake hana ni sakat. Matan unguwa sun ga cikin, sun ga ba ta nan, suka ɗauka an kai ta haihuwa, suka yi kara suka ja bakinsu. Yayarmu ba ta san da zuwanta ba, don irin wannan magana ba a yin ta a salular aro, yarinya kawai ake turawa, wadda aka tura wa ta gane. Ga shi ɗiyar fari ce, uwar ko sunanta ba ta faɗa, balle a ji tana cigiyarta. Sau ɗaya ta tari mutumin a gefen kasuwa, ya ce lafiya lau ya baro ta, tana ma gaishe ta. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya rufe daji. Sai da yayarmu ta zo wani suna, tana kwance kayanta ta ce ina ɗiyata, ba ta zo gaishe ni ba. Nan ƙanwata ta zauna a ƙasa.

Ni na raka ta wajen jandarma, ni ne bakinta, don takardun da Faransanci suke, wanda ya karɓi ƙarar kuma Zabarmanci ya fi ji. Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa tun farko. Na rasa yadda zan juya masa amsar a kowane harshe. Amma sun yi aikinsu. Wata mai fura ta ga moton ya yi arewa, iyaka kuwa kudu take. An sami ƙullin kayan yarinyar a rumfar mutumin, ƙarƙashin buhunan wake. Ya ce a tasha ya sauke ta, ya koma ya ce gidan likita ya kai ta, ya sake cewa bai ɗauke ta ba sam. Aka leƙa tsofaffin rijiyoyi, aka tona gonarsa, ko ƙashi ɗaya ba a gani ba. Bayan dogon jira alƙalai a Maraɗi suka ce shi ya kashe ta, suka ɗaure shi shekaru masu yawa.

A mota muna komowa ƙanwata ta ce, "Yaya, to yanzu a ina za a yi mata salla?"

Na je wajen limaminmu. Abokina ne tun muna yara, na yi zaton maganar ba za ta yi tsawo ba. Ya ce shi bai taɓa sallatar wanda bai ga makararsa ba, malamansa ma ba su yi ba, kuma wa ya san ko tana raye a wani gari. Na gaya masa a Sudan na bi sallar mutumin da kogi ya cinye, a bakin teku kuma na ga masunta suna yi wa nasu. Ya ce kai dai ka cika yawo, Alhaji, kowace ƙasa da malamanta. Matasan sabon masallaci suka aiko cewa su za su yi, amma ƙanwata ta ƙi, ta ce inda aka sallaci mijinta nan take so. Alƙali ya ce ta mutu, liman ya ce ɓata ta yi, uwar tana tsakani.

Saura mutum ɗaya da ya san wurin. Na nemi izini na gan shi a gidan kaso. Ya rame, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Na ce ba shari'a ta kawo ni ba, an gama ta. Ko itace ne ya faɗa mini, ko gonar wane, mu za mu tona da hannunmu.

Ya ce, "Baba, in na nuna wuri ai na amsa ke nan. Ni kuwa na ɗaukaka ƙara."

Ya miƙe ya koma ciki. Ƙarar tasa ta faɗi daga baya, na koma, ya ƙi fitowa.

Duk da haka ƙanwata ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta daka gumba ta sadaka. Mata suka zo ɗai-ɗai. Wata ta ce Allah ya jiƙan ta, ta kusa da ita ta zungure ta, ta ce Allah dai ya bayyana ta. Uwar ta amsa duka biyun da amin. Maza ba su zauna a ƙofar gida ba, don liman bai zauna ba. Kafin la'asar yara suka cinye gumbar, aka naɗe tabarmi.

Tun daga shekarar ƙanwata ba ta sake noma gonarta ba. Da ruwan fari ya sauka sai ta fita arewacin gari, ta bi bayan shanun huɗa a gonakin mutane, idonta a kan ƙasar da garma ke juyawa. Manoma sun saba, ba mai hana ta. Hatsin da take ci yanzu daga rumbuna yake fita, kuma haka zai ci gaba har ɗayanmu ya mutu.