Malam Ja'afaru Dabo da Shanun Aron Makaranta

Haihuwa da karatu

A Durun ta ƙasar Kabo aka haifi Malam Ja'afaru, cikin daminar shekarar 1929, a gidan Malam Dabo da maiɗakinsa Yelwa, zuriyar makiyaya da suka daina yawo suka kama noma, amma ba su taɓa ajiye sandar kiwo ba. Bayan ya yi nisa a karatun allo, sai aka sa shi elemantare a Gwarzo a 1938, daga nan ya wuce midil a Kano, sannan makarantar horon malamai, inda ya kammala a 1950. Abokan karatunsa sun shaida cewa ko yana tsakiyar darasi, in saniya ta yi kuka a waje sai ya faɗi abin da ke damunta.

Aiki da aure

Ya fara koyarwa a Getso, kuma a nan ya auri Furera a 1952, 'yar wani ɗan kasuwar gyaɗa mai garken shanu, wadda takan ce ta zaɓi malamin boko ne domin ta huta da warin turke. Ya yi shekara tara a Sabon Birni, ya koma ƙarin ilimi, har aka naɗa shi shugaban wata sabuwar sakandare tsakanin Gwarzo da Kabo a 1969. Hukuma ce ke biyan albashi da gini, amma littattafai da kayan gwaje-gwaje da kuɗin jarrabawa suna wuyan manoma, waɗanda suka yi alkawarin kwano ɗaya daga kowane buhun gyaɗa. Muddin gyaɗa na yin kyau, makaranta na cikin rufin asiri.

Shekarun fari

Farin 1973 ya ƙone gonaki, kwanon nan ya yanke. Ɗaliban farko suka zauna jarrabawar fita, mutum talatin da ɗaya, huɗu kacal suka ci, domin shida ke haɗuwa a kan littafi ɗaya, kimiyya kuwa a baki kawai suka ji ta. Takarda ta zo daga hukuma cewa idan rabin ɗalibai ba su ci ba a 1976, za a haɗe makarantar da wata mai nisa. Malam Ja'afaru ya san mutanensa sarai: ranar da aka ɗauke makarantar, ranar karatun 'ya'yan ƙauyukan nan ya ƙare. Abin ya hana shi sukuni ƙwarai.

Aron shanu

Akwai wata al'ada a danginsu: wanda garkensa ya ƙare, 'yan'uwa kan ara masa saniya, ya kiwata da hannunsa, maruƙan da ta haifa su zama nasa, sannan ya mayar da uwar da ƙafarsa har turken mai ita. A farkon 1974 ya tafi Durun ya durƙusa gaban baffansa Sajo, ya roƙa wa makaranta wannan aro.

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ja'afaru, yaushe makaranta ta zama danginmu?"

Ya ce, "Allah ya ja da ranka, Baffa, jikokinka uku ne a cikinta."

Sajo ya tashi ya kwance masa karsana mai ciki, alhali fari bai bar masa fiye da shanu bakwai ba. Da labari ya bazu, wasu gidaje suka bi sahu, har aka tara goma sha ɗaya.

Tunda al'ada ba ta yarda a ɗauki ɗan kiwo ba, kuma shi ya haramta wa ɗalibai barin littafi, sai ya zamana ana tashi daga aji zai tuɓe babbar riga ya ɗauki sanda. Mutanen gari suka sa masa suna Firinsifal Mai Sanda. Furera kuwa, da ta gudu wa turke, sai ga turke a bayan ɗakinta, kuma ita ta riƙa tatsa tana mita, tana aika nonon kasuwa. Da kuɗin nono da na maruƙa aka sayi littattafai da kwalaben gwaji, aka biya wa ɗalibai talatin da takwas kuɗin jarrabawa, a daidai lokacin da cuta ta cinye gyaɗar 1975 ƙurmus.

Rasuwa

Ana gama jarrabawa a watan Yunin 1976 ya fara mayar da shanun, duk da ciwon ƙirji da ya kama shi. Mataimakinsa, Malam Ya'u, ya samo mota, amma Malam Ja'afaru ya ƙi, ya ce da ƙafa aka ba shi amana. Kwana goma sha tara ya yi yana tafe cikin ruwan sama, gida gida, yana godiya. Ta baffansa ya kai a ƙarshe, ya dawo ya kwanta.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 14 ga Yuli, 1976, yana da shekara arba'in da bakwai. An yi jana'izarsa a Durun, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Furera da 'ya'ya biyar: Jibirin, Bilki, Zailani, Sauda da auta Uwaliya.

Ranar sadakar arba'in sakamako ya iso. Malam Ya'u ya shiga cikin gida ya tsuguna daga bakin ƙofar Furera, tana cikin takaba, ya fara karanto mata sunayen waɗanda suka ci. Ta tsayar da shi, ta ce, "Malam, ni ban san waɗannan ba. Makarantar tasa za ta zauna?"

Ya ce, "Ashirin da uku ne suka ci, Inna. Za ta zauna."

Ta rufe fuska da mayafi, sannan ta ce a je a gaya wa mutanen da suka taru a waje, tunda shi maigidan ba zai ji ba.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ya huta.