Samfurin gyaɗa a Madarunfa

Mun tashi da asuba daga garinmu na wajen Safo, ni da ɗan baffana a kan babur ɗinsa, kuɗin akuyar Inna cikin aljihuna. Ta sayar da ita ne don irin gyaɗar da za ta shuka bana, ba ta kuma da wata akuyar. Ni da ba na yarda da ɗan kasuwa ko ya rantse, ni aka aika.

Hanya duk rami ce, amalanken jakuna sun fi mu sanin inda ake kaucewa. Da hantsi muka isa Madarunfa, muka karya da soyayyen kifin tafki na dala ɗari. Shi ma sai da na shinshina kafin na ci, mai kifin ta bi ni da harara.

Wani Alhaji mai rumbun gyaɗa ya tarbe mu da fara'ar da ta yi mini yawa. Ya miƙo ɓararriyar gyaɗa cikin faifai, ja, manyan ƙwaya. "Ga samfur," in ji shi. Kalmar Ingilishi ce da ta ƙetaro iyaka tare da fatake. A lakwal, makarantar bokonmu, eshantiyo aka koya mana da Faransanci. Ko da wane suna aka kira shi, na san mai kaya ne ke zaɓo shi.

Na ce, "Alhaji, na gindin buhu nike so in gani."

Bai yi musu ba, abin da ya ƙara mini zargi. Na sa aka juye buhun a tabarma, na tona, na tauna. Babu tsakuwa, babu ƙwaro. Na auni tiya goma, muka kamo hanya ina ta yi wa ɗan baffana kurin wayo.

Da la'asar muka iso gida. Inna ba ta ko dubi kyan gyaɗar ba. Ta ƙirga ƙwaya ashirin, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye gindin randa. Bayan kwana biyar ta kira ni ta kwance. Uku ne suka tsiro. Tsohuwar ajiya ce, zafin rumbu ya kashe ta, ta ci ce kawai.

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na koyi cewa shi iri, tsiro ne samfurinsa, ni kuwa kyan ido na je dubawa. Washegari aka yi ruwan shuka. Maƙwabta suka fita gona da ƙwaryar iri, Inna ta ɗora tukunya tana soya gyaɗarta don ƙuli-ƙuli.