Wanzamin da Ke Miƙa Askarsa

Duk ranar Alhamis da hantsi, Baba Yahuza Wanzami zai rataya zabirarsa, ya hau tsohon kekensa wanda ba ya buƙatar ƙararrawa saboda ƙarar da yake yi, ya nufi wani gidan jinya a bayan garin Dutse, inda ake kula da waɗanda ƙwaya ta taɓa. Ba wanda ya ɗauke shi aiki a wurin. Shekarun baya ya je aske ɗan maƙwabcinsa, sai ya tarar da ɗaki cike da kawunan da suka manta rabonsu da aska. Tun daga nan Alhamis ta zama tasu. Yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ajiye sabulu da ƙoƙon ruwa da askarsa ta zamani da ake sauya wa reza, kowane kai da sabuwarsa. Daga nan sai ya zauna ya jira, ba ya kiran kowa.

A 'yan shekarun nan, da yawa daga cikin masu zama a tabarmarsa ƙwaya ɗaya ce ta kai su: wadda samari ke kira ais, mai kama da ɓarɓashin ƙanƙara, likitoci kuma su ce metamfetamin. Baba bai iya faɗin wannan dogon sunan ba, amma ya san aikinta, don a gabansa ake cire hula. Yana ganin gyambo a kai da fuska, na mutumin da ke jin kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ya yi ta susa har jini. Yana ganin saurayi da haƙora sun rube sun kakkarye, ya rame, kumatu sun zurma. Wani zai gaya masa sunan garinsu, kafin a gama aski ya sake gaya masa, ya manta ya faɗa.

Malama Rabi'atu, ma'aikaciyar jinyar da ta fi daɗewa a gidan, ta taɓa ce masa, "Baba, barin ta ba shi ne ƙarshen wahala ba. Wani sai ya shekara bai taɓa ta ba, amma yana jin muryoyi, yana zargin kowa. Ƙwaƙwalwa a hankali take dawowa, wani abin ma ba ya dawowa."

Irin wannan zargin ne ya cinye Muntaka. Direba ne daga Ringim, mai kai tumatir da tattasai Kudu. Ya fara zuƙar ais don kada barci ya ɗauke shi a kan hanya, kuma ta yi masa abin da ya nema: ta kore barcin, ta haɗa da hankalin. Lokacin da 'yan'uwansa suka kawo shi, ya yi imani ana farautarsa. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango. Ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa, har matarsa Zakiyya da ke zuwa da kunu don ba ya iya tauna. Sumarsa ta cukurkuɗe, gyambon da ke ƙarƙashinta ya fara wari, magani ba ya isa wurin sai an aske. To, mutumin da ke jiran a yanka shi, wa zai tunkare shi da aska?

"Su suka turo ka," in ji Muntaka, ranar da Baba ya matso. "Na ji suna cewa yau ne."

Baba bai ce masa ƙarya yake ba, bai kuma yi dariya ba. Ya zauna a gabansa, ya buɗe zabira ya zazzage komai a ƙasa. "Ɗana, duba da kanka. Abin da na zo da shi ke nan." Ranar ba a yi aski ba. Alhamis ta gaba ma haka, sai hirar hanyar Ringim da tsadar taya. Sai da magani ya fara kama jikinsa, ya daina zabura, sannan Baba ya je ya yi shawara da Malama Rabi'atu. Ta yarda da dabarar da ya kawo, da sharaɗin tana tsaye a wurin, ita da mai gadi.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Namu dai ya cire hularsa, ya shafa wa kansa sabulu, ya miƙa wa Muntaka aska ta wajen mariƙi, ya juya masa baya ya sunkuya.

"Aske ni. Kowa nakan yi wa, ni ba mai yi mini."

Muntaka ya matso ya tsaya a bayansa. Ya ja askar a karkace, ya yanki Baba a bayan kunne, jini ya ɓullo. Ya saki askar ya ja da baya yana salati.

"Ɗauki ka ci gaba," in ji Baba, ko ɗagowa bai yi ba. "Ni da ina koyo limamin garinmu na yanka, kuma ga ni da raina."

Aka yi aski mai tudu da kwari, wanda Baba ya yi mako yana ɓoyewa a cikin hula. Da Alhamis ta zagayo, Muntaka ne ya fara zama a tabarma. Ya karɓi askar ya jujjuya ta, ya mayar, ya riƙe madubi yana bin hannun Baba da ido har aka gama. Wannan ta zama al'adarsu: kafin kowane aski, sai an miƙa masa aska ya duba.

Kada mai karatu ya ɗauka aski ne ya warkar da shi. Likitoci da ma'aikatan jinya sun yi nasu, Zakiyya ta yi haƙurin da ba kowa zai iya ba. Kuma ba warkewa ce irin ta tatsuniya ba. Muntaka bai koma tuƙi ba, haƙoran da suka tafi sun tafi, yana kan magani, wani lokacin sai ya tsaya a tsakiyar magana ya rasa inda ya dosa. Cikin waɗanda Baba ya aske akwai wanda ya koma wa ƙwaya, akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, akwai saurayin da zuciyarsa ta buga bai kai talatin ba. Baba ya bi gawarsa har maƙabarta, ya dawo bai iya cin abinci ba.

Baba Yahuza, kai ne ka taɓa kan da mu muke toshe hanci mu wuce. Mu da baki muka iya, mu ce ɗan ƙwaya, mu ja 'ya'yanmu gefe. Kai ba ka taɓa tambayar kowa me ya kai shi ba, sai dai ka ce ya sunkuyo. Na aska, mai hannu da sanyi! Abin yana ba ni kunya, yana kuma sa ni ƙaunarka.

Yanzu aski ya zo gaban goshi. Yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya ce zai miƙa zabira ga ɗansa Abdulbaƙi. Ana cikin haka Zakiyya ta haihu, Muntaka ya aiko daga Ringim cewa askin suna ba mai yi sai Baba. Baba ya ce idonsa ba na askin jariri ba ne yanzu. Muntaka ya ce ko sau ɗaya ne ya ɗora askar, Abdulbaƙi ya ƙarasa.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yarinya Hamida, aka fito da ita zaure. Muntaka ya zauna a tsakiyar tabarma, mutane a gabansa, mutane a bayansa, ya karɓe ta ya kwantar a cinyarsa. Baba ya sa sabuwar reza, ya jiƙa ɗan gashin da ruwan ɗumi. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya miƙa wa Muntaka askar ta wajen mariƙi.

Muntaka ya dube ta, bai karɓa ba. Ya tallafo kan 'yarsa ya matso da shi.

"Ba sai na duba ba, Baba. Bismillah."

Tsohon ya daɗe yana goge ido da bakin riga, yana cewa yanar ce ke damunsa. Ba wanda ya musa masa.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Mu kuma da muka rage, kusan kowace unguwa akwai Muntakanta, wanda ya bar ƙwaya amma ƙwaya ba ta gama barinsa ba. A kai shi asibiti, a riƙa tuna masa magani, a daina nuna shi da baki. In ya tsorata da kai, kada ka tsaya a bayansa. Zagayo ta gaba ka zauna, Alhamis mai zuwa kuma ka dawo.