Kwaɗon Baba Awo

Shekara talatin da ɗaya Baba Awo ya yi a gidan waya yana auna kayan mutane. Ko ambulan ka miƙa masa, kafin ya ɗora a sikeli ya riga ya faɗi nauyinta, kuma da wuya ya kuskure. Ranakun hutu kuwa maharbi ne, har ranar da babur ya kayar da shi, kafaɗar dama ta daina jan baka. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da ya yi ritaya sai ya tare a rumfar bayan gida yana haɗa wa wasu kibau, tunda shi an yi masa iyaka da daji.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: tsohon sikeli, ƙusa biyu a bango, da wani ƙaton kwaɗo da ya ara daga ƙofar ɗakin ajiyar matarsa bai mayar ba. Sai ya gitta sandar kibiya a kan ƙusoshin, ya rataya kwaɗon a tsakiyarta. In ta lanƙwasa ta wuce layin fensir da ya ja a bango, ta yi laushi ke nan, sai ya ajiye ta gefe. Maharba dariya suke yi masa, wai kibansa sun yi nauyi kamar taɓarya. Su dai a ba su mara nauyi, mai gudu.

Surukinsa, mijin autarsa, makanike ne, shi ma maharbi. Bara ya harbi ɓauna da irin kibiyar nan mai gudu, ta cije a haƙarƙari, dabbar ta tsere da rauni. Masu kula da daji suka ce in ya maimaita, za su karɓe takardar izininsa. Sai ga shi a rumfa, kai a ƙasa.

"Baba, ni dai a taimake ni. Saura dama ɗaya."

"Zauna, ɗana. Jefi ƙofa da tsakuwa, ka jefe ta da guduma, wanne zai fasa? Ɓauna tsini mai nauyi take so. Amma in tsini ya yi nauyi, dole sanda ta yi tauri, in ba haka ba rawa za ta yi a iska."

Ya auna ƙarfin bakan surukin, ya auna tsawon jansa, ya yi kwana uku yana haɗa kibau shida, surukin ne ke rataya masa kwaɗon a kan kowace sanda. Aka kafa buhun yashi a bayan gida. Ta farko ta fita tana karkaɗa gindi, ta soki buhun a karkace. Haka ta biyu, haka ta shida.

Surukin ya sosa ƙeya. "Baba, ko dai in koma wa nawa na da?"

Maganar ta yi wa tsohon zafi, ya ji tsoro kuma. Idonsa ya daɗe da yin rauni, to ko hannun ma ya bi sahu? Ya koma rumfa, ya sauke kwaɗon daga ƙusa don ya tattara kaya. Yana ɗora shi a tafin hannu ya tsaya cak.

"Maman yara! Wa ya taɓa mini kwaɗo?"

Ta leƙo da ludayi a hannu. "Kwaɗonka ko nawa? Makullin ƙaramin da nake amfani da shi ne ya ɓata, na ɗauki babban na rufe ɗakina, na rataya maka ƙaninsa. Ai duk kwaɗo kwaɗo ne."

Kalarsu ɗaya, amma ƙaramin bai kai rabin nauyin babban ba, shi ya sa kowace sanda ta ci jarrabawa a banza. Baba Awo ya yi dariya har da tari. Hannunsa na nan daram! Da aka dawo da babban, duk shidan suka wuce layin fensir. Ya zaɓo sanduna masu tauri, ya ɗan rage musu tsawo, ya sake ɗaura tsinin. Wannan karon kibiya ta tafi miƙe sambal, ta nutse cikin buhun har gashinta.

Bayan mako biyu motar makaniken ta tsaya a ƙofar gida tana hon, maharba sun cika bayanta. Ashe a daji kibiya ɗaya surukin ya saki, ta fasa haƙarƙari ta ɓulla ɗaya gefen, ɓaunar ba ta yi taku talatin ba ta faɗi. Surukin ya durƙusa ya miƙa wa tsohon kibiyar da hannu biyu.

"Baba, ni ja kawai na yi. Kai ka harbe ta."

Baba Awo ya jinjina ta a tafin hannu, ya ce gashi ɗaya ya fita, don kada a lura da ƙwallar da ta cika masa ido. Masu cewa taɓarya kuwa tuni sun ja layi a bakin rumfa, kowa da bakansa.

Matar Baba Awo ta ratsa ta tsakiyarsu, ta kwance makullin babban kwaɗon daga bakin zanenta, ta danƙa masa.

"Riƙe, Malam. Na bar maka halak malak."